Kujerar Mota Mai Lamba Sha Huɗu

"Wa ya cire min kujera?"

Lisandro bai ɗago daga kan injin ba. "Gajeruwata, zauna tukuna mu yi magana..."

"Ajiye wannan sunan. Tambayarka na yi."

Ga ta can jingine a bangon gareji, kusa da jarkokin baƙin mai. Kujerar da aka ƙera daidai jikina, wadda a cikinta na ciwo wa motar tseren gidansu kofi bara a filin tsere marar kwalta na Bahía Blanca. A gurbinta an ɗaura wata faffaɗa, an tura totur da birki gaba, daidai ƙafar dogon mutum.

Dogon mutum ɗaya na sani da ke zarya a garejin nan. Bautista, ɗan mai rumbunan alkama.

Baba Ovidio, mahaifin Lisandro kuma mai motar, yana zaune a kan tsohuwar taya yana zuƙar shayinsa na mate.

"Ailén, 'yata, ba a sayen taya da kofi," ya ce a hankali. "Uban yaron zai sa mana sabon inji."

"Baba, yaron da ko kwana bai iya sha ba? Duk Juma'a sai ya rungumi katanga kamar matarsa."

"Zai koya."

Ban ji haushin tsohon ba. Na san yadda yake facin motar nan da ƙarafan bola. Ɗansa na juyo na kalla, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Shi kaɗai ya tsaya min lokacin da Mama ta rantse ba zan yi tuƙin tsere ba.

"Ba a ƙera kujera a yini ɗaya, Lisandro. Yaushe ka auna Bautista?"

Ya sunkuya kan injin.

"Kafin Lahadi?"

Ya gyaɗa kai.

Ranar Lahadi a gidanmu ya ci gasasshen nama, ya riƙe hannuna a ƙarƙashin tebur, yana faɗa min kofin bana ma nawa ne... ashe da hannun nan ya zagaya da tef ɗin awo a kafaɗar wani.

"Don mu na yi, abar ƙaunata," ya ce, yana goge yatsunsa da tsumma. "Baban Bautista zai ba mu gida a saman shagonsa, kyauta. Ɗaki biyu, har da baranda. Ba kin ce kina son baranda ba?"

"Ni kuma fa?"

"Ai ba korarki aka yi ba. Za ki riƙa nuna masa inda ake taka totur a kwana. Ranar tsere kuma ki sa rigar kamfaninsu, ki tsaya gefen motar a ɗauki hoto..."

Na dube shi sosai. Fuskar nan ce dai da nake mafarkinta, da ɗan tabon walda a haɓa. Yau kuwa ji na yi kamar na buɗe tukunyar da ta wuni a rana.

Abin da ya fi ƙona min rai, murmushi yake yi. Shi a ganinsa albishir ya kawo min.

"Ka taɓa tambayata?"

"Da na tambaye ki ai ba za ki yarda ba."

"To ka san ni ke nan."

Baba Ovidio ya sunkuyar da kai, ya ajiye ƙoƙon shayinsa a ƙasa.

Lisandro ya matso zai riƙe ni. "Rayuwata, tsere na ɗan lokaci ne. Aure kuwa..."

"Kada ka taɓa ni da hannun nan."

Ya tsaya cak.

Na zare zoben. Ya ɗan yi gardama a gaɓar yatsa, inda sitiyari ya yi min kanta, sai da na murɗa shi. Na ɗora shi a kan sabon injin da ko ledarsa ba a cire ba. Hawaye na zuba, amma muryata ba ta yi rawa ba.

"Baba, ka zama shaida. Ba zan kwana a gidan da aka saya da kujerata ba. Na fasa auren."