Lemun Tsamin Glenys

Tahlia tana tsaye a gindin tankin ruwan sama, tana ƙwanƙwasa jikinsa da bayan yatsa tana kasa kunne, sai wata farar a-kori-kura ta tsaya a bakin shinge. Saurayin da ya fito dogo ne, rana ta gasa masa wuya, hularsa kuwa ta ga duniya.

"Sannu da aiki. Me tankin ya ce?"

"Ya ce bai kai rabi ba," in ji ta. "Kai ne mai na'urar da ƙaramar hukuma ta turo?"

"Ni ne. Hamish."

Ya miƙo hannu, ta miƙa nata, sai ta tuna da kumfar wanke-wanke a jiki ta janye. Shi ma ya janye nasa a daidai lokacin da ta sake miƙowa. Suka tuntsire da dariya. Tahlia ta ji muryarta baƙuwa a kunnenta, don ta manta rabon da ta yi dariya a tsakar gidan nan.

Tun da mahaifiyarta Glenys ta rasu ta baro aikinta a Sydney ta dawo Tullabri wurin mahaifinta, Merv. Ƙawayenta duk sun watse birni. Da safe tana sayar da burodi a cikin gari, da yamma ta dawo ta dafa abincin mutum biyu, su ci rediyo na yi musu hira. Ga fari ya ƙi ƙarewa. Ciyawa ta mutu, furannin Glenys sun bi ta, abu ɗaya ne ya rage kore shar a gidan: lemun tsamin da marigayiyar ta dasa a jikin shingen baya. Babu mai ba shi ruwa, amma kullum yana cikin ganye. Duk garin sun san shi. Kowace safiya Merv yakan ja kujera gindinsa da kofin shayi, ya ba shi labarin farashin tumaki da wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona.

Hamish ya ɗaura 'yar na'urar a bakin bututun da ke fita daga tanki, ya saka wa Tahlia manhajar na'urar a waya.

"Duk ɗigon da ya fita za ki gani a nan. In wani wuri na yoyo, za ta faɗa miki."

Merv ya iso yana jan ƙafa, ya kalli na'urar sama da ƙasa. Ya buga tankin sau ɗaya da ƙashin yatsa.

"Yaro, tun kafin a haife ka nake tambayar tankin nan yana ba ni amsa. Namijin da sai waya ta gaya masa ruwan gidansa, ban san me ya rage masa ba."

"Gaskiya ne, Merv," in ji Hamish, kunnuwansa sun yi ja.

Da yammacin ranar saƙo ya shigo wayar Tahlia.

"Hamish ne. Ina gwada lambar ne kawai, ƙa'idar aiki ce."

"Duk gidan da ka saka na'ura kana gwada lambar?"

"Naku ne na farko da ƙa'idar ta fara aiki a kansa."

Ta karanta ya fi a ƙirga, har dankalin da ke kan wuta ya kama.

Daga nan batirin na'urar ya zama mai yawan ciwo. Kowane mako sai Hamish ya zo duba shi, batirin da aka ce yana shekaru bai mutu ba. A gidan burodi kuma ya zama mai ƙaunar fanke, ya tsaya a jikin kantar shagon yana ci a hankali kamar mai ciwon haƙori. Shi ma baƙo ne a yankin, yana haya shi kaɗai a bayan gidan mai, ba shi da abokin hira sai hanya. Yana ce mata Sarauniyar Tanki. Ita kuma, tun ranar da ta gan shi da manyan abin sauraro a kunne, ta raɗa masa Zomo.

"Zomo, ka ci abinci?"

"Na ci, Sarauniya. Amma abincin mutum ɗaya ba ya zama a ciki."

"Na sani," ta rubuta, ta daɗe tana kallon kalmomin kafin ta tura.

Sai manhajar ta fara kawo jan rubutu. Ruwa na fita ba tsayawa, har a lokacin da kowa ke barci. Tahlia ta duba famfuna, ta duba banɗaki, ba ta ga komai ba. Hamish ya zo da sandar sauraro, ya sa abin kunnensa, ya bi tsakar gidan taki-taki yana kafa sandar a ƙasa. Da ya isa shingen baya ya tsaya cak. Merv na zaune gindin lemun, ya juya musu baya, yana magana ƙasa-ƙasa. Hamish ya daɗe a tsaye, sannan ya cire abin kunnen.

"Ka ji wani abu?" in ji Tahlia.

"Ƙasar ta yi tauri. Sai na sake dawowa."

Ya dawo, ya sake dawowa, kullum da sabon kame-kame. Tanki kuwa bai jira shi ba. Kafin Kirsimeti zafi ya tsananta, sai da aka kira Brodie mai tankar ruwa. Brodie ɗan gari ne, kakansa da kakan Tahlia tare suka yi wa tumaki aski, kuma Merv na ji da shi.

"Wai ina mai kunnuwan?" in ji Brodie yana jan tiyo. "Ya ji ciyawa na tsiro amma bai ji ruwa ba? Tahl, ranar Asabar akwai rawa, ki shirya in zo in ɗauke ki."

"Ka ji maganar maza," in ji Merv.

Washegari da Hamish ya shigo gidan burodi, Tahlia ba ta ɗauko masa fanke ba.

"Dube ni. Ka san inda yake yoyo ko ba ka sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar farko na sani. Akwai tsohon bututu da ya bi ƙarƙashin lemun mahaifiyarki. A nan ya tsage. Shi bishiyar ke sha."

Ta dafa kanta. Ba ta taɓa cewa ta yarda da abin da mahaifinta ya yarda da shi ba, wato marigayiyar ce ke raya lemun, amma sai yanzu ta gane ita ma takan gai da bishiyar a ranta in ta je shanya.

"Ka bar ruwanmu na tsiyaya a wannan farin, kana kallon idona kana yi mini ƙarya?"

"Na ji abin da mahaifinki yake gaya wa mahaifiyarki a gindin lemun ne, Tahlia. Cewa yake, 'Kin ga har yau ba ki bar mu ba.' Bakina ya kasa."

"To yau zai iya. Ka zo gida ka faɗa masa da kanka."

Ya zo, ya faɗa, hularsa a hannu. Merv ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya tashi ya ɗauko sukundireba, ya kwance na'urar daga jikin bututu, ya danƙa masa.

"Ɗauki kayanka. Kada ƙafarka ta ƙara taka cikin gidan nan. 'Yata kuma ka fita harkarta."

Tahlia ita ma ranta a ɓace yake. Amma ta san na'urar ba ta yi ƙarya ba. Da gari ya waye ta bi bututun har inda ya rabu a bayan rumfar kaji, ta kama makullinsa da ya yi tsatsa, ta murɗa da hannu biyu har ya rufe. Injin tura ruwa, wanda ya saba tashi shi kaɗai lokaci-lokaci, ya yi tsit. Merv na kallonta daga baranda. Shi ya san ma'anar wannan shirun fiye da kowa, bai kuma ƙara yi mata magana ba sai ta dole.

Gidan da dā shiru ne yanzu ya zama kufai. Ranar Asabar ta bi Brodie rawa don kawai ta ji hayaniyar mutane, ta zauna a gefe tana juya kofi, ta dawo da kaɗaicin da ya fi wanda ta fita da shi. A hanya sun wuce gidan mai, ta kuma san Hamish ya gan ta a gaban tankar. Saƙonsa ya zo da safe.

"Na ga kin sami mai kawo ruwa. Ni ban iya komai ba sai hana shi zuba. Allah ya sa alheri, Sarauniya."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ta kife wayar ta yi kukanta.

Lemun ya fara naɗe ganye. Merv ya daina kai kujera gindinsa, sai ya zauna a baranda ya ba shi baya. Tahlia ta yi abin da kowane gida ke yi a lokacin fari: ta sa bokiti a ƙarƙashin shawa, ta tsaya a kansa ta yi wanka, ta kai wa bishiyar abin da ya taru. Wankan mutum ɗaya mai tsimin ruwa ba ya cika bokiti, ƙasar kuwa kafin ta juya ta shanye. Ganye ya ci gaba da zuba.

Sai wata rana ta lura gindin da danshi, alhali ba ta zuba ba tukuna. Washegari ma haka. Ta zaci mahaifinta ne, ta yi murna a ɓoye. Ran nan aka tashi daga aiki da wuri, ta dawo da la'asar, tana zagayowa ta bayan rumfar kaji ta ja birki.

Hamish ne a wajen shinge, a kan hanyar shanu. Ya zuro guntun indararo ta tsakanin wayoyin har gindin lemun, yana tsiyaya ruwa daga bokiti a hankali don kada ya zube a banza. Ƙafafunsa duka biyu suna waje. A bayan motarsa ga wasu bokitai da murfi. Merv kuwa ga shi tsaye daga ciki, hannu a ƙugu. Da alama yanzun nan ya kama shi.

"Me na gaya maka?"

"Ka ce kada in taka cikin gidan. Ban taka ba."

"Ruwan mene ne wannan?"

"Na wankana ne. Da na matar da nake haya a gidanta, da na masu gidan mai. Na roƙe su."

Merv ya tsuguna da ƙyar, ya ɗebi ƙasar ya shinshina.

"Da wane sabulu kuke wanka? In mai gishiri ne ka kashe shi ka huta."

"Na saya musu marar gishiri. Duk na raba musu."

Tsohon ya tsinci wani busasshen ganye yana murzawa.

"Ni na binne bututun nan," ya ce. "Glenys ce ta ce tana son famfo kusa da furanninta. Na manta da shi sarai." Ya yar da ganyen. "Tun da ta tafi ko kofi ɗaya ban zuba masa ba. Ina zaune ina shan shayi, na bar wa matacciya aiki. Sai baƙo ne zai bi gida-gida yana roƙa masa ruwan wanka."

Tahlia ta fito daga bayan rumfar, hawaye na bin fuskarta, ta durƙusa ta rungume mahaifinta. Ya riƙe ta gam, abin da bai yi ba tun ranar jana'iza.

"Kai kuma," in ji Merv yana share hanci da bayan hannu, "ka tsaya nan kamar turke. Zagayo ta ƙofa. Ka taho da abar nan taka ka mayar."

Da Hamish ya zagayo, Tahlia ce ta buɗe masa ƙofar.

"Brodie fa?" ya tambaya a hankali.

"Zomo, kana jin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, amma ba ka jin abin da ke gabanka?"

"Faɗa mini dai. Ina so in ji da baki."

"Kai nake so. Na gaji da dafa abincin da ba kai a ciki."

Lemun bai koma yadda yake ba. Reshe biyu sun bushe, Merv ya yanke su da hannunsa. Sauran ya tsira, kuma tun daga lokacin tsohon ne ke ɗaukar bokitin farko kowace safiya, yana mita yana cewa bayansa zai karye. Wayar Tahlia kuwa yakan karɓa ya leƙa manhajar, wai don ya ga ko ta yi daidai da abin da ya riga ya sani.

An ɗaura auren da sanyi ya fara shigowa, a ƙaramin cocin Tullabri, ruwan sama bai sauka ba har lokacin. Ƙawayen Tahlia sun zo daga birni, an gasa rago, mata sun kawo kek iri-iri. Brodie ma ya zo, ya ci ya fi kowa, ya yi rawa da ƙanwar ango har takalminsa ya cire.

Da aka ce uban amarya ya yi jawabi, Merv ya miƙe cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya kalli 'yarsa ya daɗe.

"Yarinyar nan ta bar rayuwarta ta zo ta zauna da ni, ni kuma na juya mata baya ina hira da itace. Ban taɓa tambayarta ko tana kewa ba." Ya juya ga Hamish. "Ɗana, kai ka tambaye ta. Kullum ka tambaye ta."

Ya kama hannayensu ya haɗa a cikin nasa masu kaushi.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku ruwa a tanki da hayaniya a gida. Kada ɗayanku ya ƙara cin abinci shi kaɗai."

Jama'a suka amsa da amin. Tahlia ta so ta amsa, kuka ya hana ta, sai Hamish ya amsa musu su biyu.