Wadirob Ɗin Da Ya Ƙi Fita

Tun da sassafe Auta take zarya tsakanin ɗaki da tsakar gida, tana ɗaure kwali tana kwancewa, don duk wanda ta ɗaure sai ta tuna abin da take nema yana can ƙasansa. Mijinta Dogo ya samu aikin kula da sito a wani kamfani mai nisa, an ce masa ranar Litinin ya bayyana ko a ba wani. Ƙarfin aljihunsa bai wuce 'yar ƙaramar motar kaya ba, sawu ɗaya tak, direban kuwa yana waje yana danna hon kamar gidan ne ke cin wuta.

Komai ya shiga mota, saura wadirob.

Marigayi baban Auta kafinta ne mai son aiki ya yi ƙarko. Lokacin bikinta ya shigo da katako ɗai-ɗai, ya haɗa wadirob ɗin a cikin ɗakin, ya bi shi da gam da ƙusa, bai ko waiwayi ƙofa ya ga faɗinta ba. Dogo da direba suka kwantar da shi, suka karkata shi, suka yi masa lallashi irin na amarya, ya ce shi da fita sai dai a rushe bango. Mai gidan haya kuma ya rantse wanda ya taɓa masa bulo ɗaya sai ya gina masa bene.

Ana cikin haka Umma, mahaifiyar Auta, ta iso sallama, ta ga halin da ake ciki, ta samu kwali ta zauna.

"Abin da ubanta ya yi da hannunsa ba za a bar wa baƙi su tara kyankyasai ba. In bai tafi ba, ita ma ba inda za ta."

"Haba Umma, plis mana, saboda katako?"

"Katakon nan ya fi mijinki sanin darajarki."

Dogo ya durƙusa ya ce to, Umma. Wannan "to" ɗin ya fi komai ƙona wa Auta rai. Hayarsu ta ƙare yau. In ya tafi shi kaɗai, gidan Umma za ta koma, kuma ta san wanda ya shiga hannun Umma fitarsa sai ta fi ta wadirob wuya. Ta shige bayan ƙofa tana kuka, ta fito, ta sake komawa. Direba ya leƙo ya ce shi fa yana da iyali, rana na yi.

Da Auta ta ɗago, sai ta ga Umma tsaye ta buɗe murfin wadirob, tana shafa alamomin fensir da Baba ya yi a ciki, tana gunaguni wai yanzu kowa sai ya kama hanya ya bar ta da bango. Dogo ma ya gani. Ya ari sukundireba wajen direba. Murfayen wadirob ɗin biyu, ɗaya mai madubi, su kaɗai Baba ya yarda ya ɗaura da noti, don dole su buɗu.

"Umma, murfi biyu ne," in ji shi. "Ki zaɓi ɗaya ki ajiye mana, ɗaya ya bi mu. Duk hutu za mu zo mu duba lafiyar ɗan'uwansa."

Umma ta ce ita ba yarinya ba ce da za a yi wa wayo da alawa. Ta faɗa ta maimaita, tana goge ido da bakin mayafi. Can ta ce su ɗauki mai madubin, tunda 'yarta ba ta iya zuwa ko bakin ƙofa sai ta kalli kanta. Sharaɗi biyu: a fara kai mata nata murfin gida, ita kuma a gaba za ta zauna.

Direba ya ɗora hannu a ka. Auta ta matse a baya tsakanin katifa da bokitai, madubi a cinya, Dogo na riƙe da gefensa, suna dariya ba sauti don kada Umma ta ji ta sake shawara.

To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: in tsohuwa ta kafe a kan katako, ba katakon take wa kuka ba. Mai gardama kan rasa mota ya rasa mata. Mai haƙuri kuwa, ga shi can ya tafi da duka biyun.