Ruwan Batir a Lambatu

Ranar Juma'a dangin saurayin Yaya Raihana za su zo gaisuwa daga Dutsi. Ga shi lambatun da ya ratsa ƙofar gidansu a Daura yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Ƙanwar Raihana, yarinya 'yar aji biyar, ta fi kowa jin haushi.

"Baba, wannan ƙazantar baƙin za su tsallaka?"

"Na gaya wa duba-gari. Ki yi haƙuri."

"Kullum haƙuri!" Ta buga ƙafa ta fice.

Ranar Alhamis ta leƙa shagon Kawu Mati, mai gyaran batir. Ta tarar ya tafi masallaci. Ta taɓa jin yana cewa ruwan batir yana cinye komai. To, ya cinye warin mana! Ta sunkuci galan ɗin ruwan batir ta tuttule a lambatu.

Nan take ruwan ya hau kumfa. Wani wari ya taso, ya ninka na da. Idanunta suka kama yaji. Inna ta fito tana tari. Raihana ta fashe da kuka.

"Wa ya aike ki?" Baba ya daka wa yarinyar tsawa. "Da ya fallatsar miki a ido fa?"

"Yaya Raihana nake so in taimaka wa!"

"Rufe mini baki!"

Baba ya ruga ya kira Malama Haulatu, duba-gari. Ta iso da ma'aikata biyu, kowa da takunkumin fuska. Fuskarta a murtuke.

"Ke, zo ki gani." Ta nuna murfin ƙarfen lambatun, duk ya zagwanye. "Warin nan iska ce mai guba daga ruɓaɓɓen datti. Ita take cin ƙarfe da siminti. Ruwan batir ƙara tayar da ita yake yi."

Ma'aikatan suka kwashe dattin. Suka auna farar ƙasa suka zuba, suka kora da ruwa mai yawa.

"Ko magani sai da awo," in ji Malama.

Yarinyar ta durƙusa. "Baba, na tuba. Yaya, ki yafe mini."

Raihana ta share hawaye ta ja kumatunta. "Sarkin zuciya!"

Da baƙi suka iso ranar Juma'a, ƙamshin turaren wuta ne ya tarbe su. Raihana tana ta murmushi cikin mayafi.

Tun daga ranar yarinyar ta gane: fushi ba ya gyara. Abin da ba ka sani ba, tambayi wanda ya sani.