Hannun da Mijinyawa Ya Bayar

Bayan la'asar, kwana uku da nutsewar jirgin 'yan kasuwa a dam ɗin Karaye, Mijinyawa ya goya tukunyar iskarsa. Shekara ashirin ya yi yana nutso a tashar jiragen Legas, yana tsamo kayan mutane. Yau gawar 'yarsa Jamilatu zai ɗauko, a samu a yi mata sutura.

Ƙaninsa Hamma ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Murya ƙasa-ƙasa ya gaya masa cewa masunta sun ce duk wanda ya tarar a ƙasa, kada ya kula shi. Mijinyawa ya ce masunta ba su rasa 'ya ba.

Bakin ruwan na warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ya sauka. Babu sauti sai numfashinsa a cikin roba.

Jirgin na zaune daram a ƙasa. Karfasa sun yi dafifi a kan buhunan gyaɗa da suka kumbura. Wata tarwaɗa mai tsawon mutum ta kwanta a jikin injin, tana kaɗa gashin baki.

Jamilatu na kan bencin ƙarshe, mayafinta na lilo. Ya kama tsintsiyar hannunta da damarsa.

Sai ya ga akwai wani kusa da ita.

Dattijo ne, da farar riga. Rigar ba ta motsi. Ko kifi ɗaya bai raɓe shi ba.

Ya miƙo hannu.

Tunda Mijinyawa yake, bai taɓa barin babba da hannu a miƙe ba. Kafin ya yi tunani, ya saki 'yarsa, ya ba da nasa.

"Sannu da zuwa," muryar dattijon ta ce a cikin kunnensa. "Zauna. Akwai wuri."

Yatsun suka matse.

Iska ta ɗauke.

Ya fizgi igiya da hagu. Maza shida suka ja kafin ya fito, fatar tafinsa ta saɓule. Washegari aka shiga da ƙugiyoyi, ba a ga ko katakon jirgin ba.

Uwar Jamilatu ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko ya ganta. Ya ce har ya riƙe ta.

"To me ya sa ka saki?"

Hannun ya warke, amma sanyinsa bai fita ba. Yanzu ko a ƙofar masallaci a aljihu yake barinsa, in an miƙo masa sai ya sunkuyar da kai. Mutanen gari na cewa Legas ce ta koya masa girman kai.