Ban Ruwa a Ranar Sanyi

Akwai wata yarinya da ke zaune da mahaifiyarta da kakanta Evaristo a kwarin Rio Negro, can kudancin duniya. Suna da ɗan lambu a bayan gida. Akwai tumatir a ciki, da wata ƙaramar bishiyar tuffa. Bana ne bishiyar ta fara fure.

Watan Oktoba ya kama, lokacin da a ƙasarsu hunturu ya wuce. Amma wata rana da hantsi Kaka ya dubi sama, ya ga babu gajimare, babu iska.

"Raɓa za ta daskare kafin gobe," in ji shi. "Gwiwata ta hana ni tashi. Ki yi wa lambu ban ruwa tun da rana. Ki jiƙa ƙasa sosai."

"Ruwa kuma, Kaka? Ana jiran sanyi?"

"Yi dai."

Yarinyar ta fita tana gunaguni. A ranta ta ce tsufa ya fara taɓa Kaka. Wa yake zuba wa mai jin sanyi ruwa? Ta ajiye bokiti, ta tafi wasa.

Da yamma Kaka yana shan mate, shayin ganye na ƙasarsu, ya tambaye ta, "An jiƙa?"

"An jiƙa," ta ce, idonta a ƙasa.

Da safe mahaifiyarta ta kira ta. Ganyen tumatir ya yi baƙi, ya kwanta. Furen rassan ƙasa na bishiyar ya ƙone kamar an gifta masa wuta.

Kaka ya dogara sanda ya iso. Ya tura yatsa cikin ƙasa. Ya ciro shi a bushe. Ya nuna wa yarinyar yatsan.

Maƙwabciyarsu Ofelia ta leƙo ta kan shinge. "Tsoho, kai da ka koya mana ban ruwa, naka ne ya ƙone? Ko barci ya kwashe ka?"

"Ya kwashe ni," in ji Kaka.

Kunya ta rufe yarinyar. Da duka ne, da ya fi mata sauƙi.

"Ba shi ba ne, Gwaggo," in ji yarinyar. "Ni ya aika. Ban zuba ba, kuma na ce na zuba. Na ɗauka ruwan zai ƙara musu sanyi."

Ofelia ta ja kanta ta koma gida.

Kaka ya ce, "Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shan zafin rana ta riƙe. Da dare sai ta saki wa tsiro. Busasshiya ba ta riƙe komai. Da kin tambaya, da kin ji."

"Na tambaya, Kaka. Ka ce in yi dai."

Tsohon ya sosa gemu. "To. Wannan laifin nawa ne. Ƙaryar kuma taki ce."

Ya ɗaga sanda ya nuna saman bishiya. Furen can yana nan fari tas, sanyin bai kai shi ba.

Ofelia ta kawo musu ragowar dashen tumatir ɗinta, yarinyar ta dasa da hannunta. Da aka sake jin alamar sanyi, ba ta jira aike ba. Ta jiƙa ƙasa, ta lulluɓe tsiron da tsofaffin buhuna.

Da lokacin girbi ya zo, bishiyar ta ba da tuffa. Ba yawa, amma kowa ya ci.

Yara, in ba ku gane umarni ba, ku sake tambaya. Abin da ba ku yi ba kuma, kada ku ce kun yi.