Ɓarawon da Ya Saci Tafiyar Malam Ja'afaru

Ranar wata Juma'a da la'asar, cikin daminar 1987, Malam Ja'afaru malamin gona ya shiga caji ofis na cikin birnin Zariya da rigarsa ta masallaci, gumi na karyo masa. An sace masa babur.

Sufeto Jibril, wanda kowa ke kira Bahago saboda da hagu yake rubutu, ya tura masa kujera.

"A ina ka ajiye shi?"

"A zaurena, nan Kusfa. Na tafi masallaci a ƙafa, na dawo na tarar da wayam. Ga mukullin ma a aljihuna."

"Ka kulle zauren?"

"Ranka ya daɗe, wa ke kulle zaure da rana tsaka?"

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Audu, suka bi Malam zuwa gida. A zauren babu abin gani sai ɗigon baƙin mai da sawun taya da ya nufi ƙofa. Turo babur ɗin aka yi, a lokacin da kowane namiji na unguwar yake cikin sahu.

Maijidda, matar Malam, ta amsa tambayoyi daga bayan labule.

"Hajiya, kin ji wani motsi?"

"Babu motsi, sai baƙon da ya yi sallama."

"Wane baƙo?"

"Oho. Sallama ya yi, na amsa, na ce mai gidan ya tafi masallaci. Ya ce to, yaya ƙafar? Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, a riƙa gasawa da ruwan zafi."

Kofur Audu ya toshe baki da hula. "Yallaɓai, ɓarawon nan ya fi surukina ladabi."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya juya wajen Malam. "Me ya sami ƙafarta?"

"Jiya ta gurɗe a bakin rijiya."

"Wa ya sani?"

"A unguwa dai babu. A ofis na ambata yau da safe, da nake neman izinin tashi da wuri."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya daɗe a aikin nan, ya san ɗan birni zai iya shiga zauren mutum da mugun nufi, amma bakinsa ba zai bari ya shiga babu sallama ba.

Washegari da hantsi wani mai tura itace ya kawo labari: ga wani babur can a jingine da ganuwa, bayan Ƙofar Gayan. Suka tafi tare da mai shi.

Shi ne kuwa. An wanke shi tas. Malam Ja'afaru ya buɗe tanki ya leƙa, ya ce cike yake, alhali rabi ya bari. Ya danna hon, hon ya yi ƙara, har shi kansa ya zabura.

"Ikon Allah! Hon ɗin nan tun bara ya mutu."

"To ai ka ci riba, Malam," in ji Kofur. "Ka ba ni adireshin ɓarawon, kekena ma na neman gyara."

Malam yana cikin dariya idonsa ya faɗa kan mitar da ke ƙirga mil. Dariyar ta tsaya. Ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa, sannan ya zauna a ƙasa daɓas.

"Na shiga uku. Wannan ba mitata ba ce."

Sufeto ya sunkuya. Gilashin sabo fil, lambobin kuwa na babur ne da bai san daji ba.

"Yi mini bayani."

Malam ya yi bayani yana haɗa kalma da ƙyar. Dokar gwamnatin jiha ta ce duk ma'aikacin da ya yi tafiyar aiki da abin hawansa, za a biya shi kuɗin mil. A da mutum faɗa kawai yake yi, a sa hannu, a biya. Yanzu an ce ƙarya ta yi yawa. Ranar Litinin odita, mai binciken kuɗi, zai zo daga Kaduna ya duba mitar kowa da idonsa, ya gwada da tafiyar da aka biya shi. Wanda mitarsa ta gaza, kora ce, babu fansho.

"Shekara da shekaru ina cikin taɓo da ƙaya, ranka ya daɗe. Babu ƙauyen da ba su san ƙarar babur ɗin nan ba. Baɗi zan yi ritaya. Yanzu mitar nan ta ce ban taɓa wuce Tudun Wada ba. Da wane bakin zan yi wa odita rantsuwa?"

"Tashi ka kakkaɓe rigarka," in ji Sufeto. "Litinin ba ta yi ba tukuna. Su wa ke da babur irin naka?"

"Duk 'yan ofishinmu. Rana ɗaya aka raba mana su, iri ɗaya, launi ɗaya."

Wanda ya iya tayar da mataccen hon ba ɗan koyo ba ne. Sufeto da Kofur suka bi garejin bakanikai ɗaya bayan ɗaya da babur ɗin, har suka iso rumfar Sabo kusa da Ƙofar Kuyambana. Sabo na ganin babur ɗin ya mai da idonsa kan sifanar da ke hannunsa.

"Malam Sabo, ka san babur ɗin nan?"

"Ban taɓa ganinsa ba, yallaɓai."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Masallaci. Sahun gaba ma."

"Madalla. Dama na ce ba aikinka ba ne." Sufeto ya juya wajen Kofur. "Wanda ya gyara hon ɗin nan jaki ne. Dubi yadda ya haɗa waya. Kwana biyu ba zai yi ba zai sake mutuwa."

"Wallahi sai ya shekara!" Sabo ya miƙe tsaye. "Ni da na kankare tsatsar da hannuna, na sa masa sabuwar..."

Sifanar ta faɗi.

"Ƙarasa mana," in ji Sufeto. "Sabuwar me?"

Sabo ya koma ya zauna. Ya ce wani mutum ne cikin babbar riga ya turo babur ɗin, ya ce na yayansa ne, mita kawai za a canza. Sabuwar mitar a naɗe ya kawo ta cikin jarida, tsohuwar kuma ya tafi da ita. Hon ɗin ba a sa shi ba, shi ne dai ba ya iya ganin abu a lalace ya ƙyale.

"Sunansa?"

"Ban sani ba, ba kwastomana ba ne. Amma da muka gaisa, hannunsa laushi kamar na mai jego. Na ce a raina, wannan da wuya in ya taɓa riƙe kan babur a hanyar daji."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Yallaɓai, in aka ce na rasa Juma'a saboda aiki, ina zan sa kaina a unguwa?"

"Gobe ka huta. Jibi da safe Kofur zai zo ya ɗauke ka."

Ranar Litinin tun kafin odita ya iso, malaman gona suka jera baburansu a ƙarƙashin darbejiyar ofis. Malam Ja'afaru na gefe, ko karin kumallo bai iya yi ba. Sufeto Bahago ya shigo, ya gaisa da kowa, ya ce shi kallo kawai ya zo yi. Kofur da Sabo ya bar su a cikin Landiroba a waje.

Ya bi baburan a hankali. Duk sun ji jiki: madubi a ɗaure da roba, sirdi a ɗinke, jar laka a maƙale ƙarƙashin madigadin taya. Sai na kusa da ƙarshe. Har yanzu ledar kamfani na kan sirdinsa, tayoyinsa ko gashin roba bai gama kaɗewa ba. Mitarsa kuwa gilashinta ya dushe, lambobinta sun fi na kowa.

"Na wane ne wannan?"

Wani mai ƙiba, fes da shi cikin farar shadda, ya matso. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Kabir sunana."

Suka yi musabaha. Sufeto ya ɗan riƙe hannun kafin ya saki.

"Malam Kabir, ka sha tafiya."

"Aikin gwamnati ne, ba a wasa da shi."

"Amma tayarka sabuwa."

"Ina canzawa a kai a kai."

"Sirdin ma?"

"Ni mutum ne mai tattali."

"Haka ake so. Wane yanki ne naka?"

"Gidan Idi da kewaye."

"A'a, ashe kai ne na Gidan Idi. Yaya gadarsu? Ina so in leƙa can cikin makon nan."

"Lafiyarta lau. Makon jiya ma na haye ta."

Wani daga cikin malaman ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Amma magana ta riga ta fita. "Kabir, gadar da ruwa ya cinye tun daminar bara? Mu da ke wucewa ta can sai mun tuɓe takalma mun tura babur cikin rafi!"

Malam Kabir ya gyara hula. "To, wata gadar nake nufi."

"Ranar Juma'a da azahar kana ina?"

"Masallaci."

"Kowa a garin nan yana masallaci," in ji Sufeto. Ya ɗaga hannu, Kofur ya shigo da Sabo. Bakaniken bai jira tambaya ba.

"Shi ne, yallaɓai. Alhaji, ina kwana? Yaya yayan naka?"

Malam Kabir ya dubi Sabo, ya dubi mitar, ya dubi Malam Ja'afaru. Sannan ya jingina da darbejiya.

"Ni fa ba sata na yi ba, aro na yi."

"Aro?"

"Na ce in odita ya wuce sai in mayar masa da abarsa. Ban taɓa zuwa Gidan Idi ba, ranka ya daɗe, in na hau babur a hanyar daji bayana ciwo yake. Ina zaune a shagon ƙanina a kasuwa nake rubuta na je. Da aka ce za a duba mita, na ɗora babur a kan ƙafarsa na tayar da shi wuni guda a cikin gida, har maƙwabta suka yi ƙorafi. Mita ko motsi. Ashe da tayar gaba take aiki."

Wannan karon har Sufeto sai da ya murmusa.

"Shi kuma Malam Ja'afaru ya ce wa odita me?"

"Na ɗauka shi kowa ya san shi, ba za a kore shi ba."

"Man da ka cika masa fa?"

"Haba, ranka ya daɗe. A mayar da kayan aro haka nan babu ko ɗan ihsani? Ai ba tarbiyya ba ce."

Malam Ja'afaru ya girgiza kai. "Kabir, tebur ɗaya muke cin rogo da kai."

Kabir ya sunkuyar da kai.

Daidai nan motar odita ta shigo. Sufeto ya tare shi, ya yi masa bayani a taƙaice. A gaban kowa Sabo ya kwance tsohuwar mitar ya mayar da ita inda ta fito. Odita ya sa tabarau, ya duba lambobin, ya duba takardunsa, ya sake duba lambobin.

"Malam Ja'afaru, tafiyarka ta fi abin da ka nema yawa. Sauran fa?"

"Wani lokaci nakan manta in rubuta."

"To ba ni da magana da kai. Na gaba."

Malam Ja'afaru ya ce alhamdu lillahi, ya aika a sayo masa ƙosai.

Kofur Audu ya fito da ankwa. Sufeto ya ce a bar ta, mutum mai ladabi irin wannan ba zai gudu ba. Sai dai babur ɗin shaida ne, kuma Landiroba ba ta da wurin sa shi, don haka mai shi zai tura shi har caji ofis.

Malam Kabir ya naɗe hannun babbar riga, ya kama kan babur. Da suka kai bakin titi ya tsaya yana haki, ya hango nisan hanyar.

"Ranka ya daɗe, daga nan zuwa can mil nawa ne?"

"Tura dai," in ji Sufeto Bahago. "Wannan tafiyar gwamnati ba ta biya."