Hular Zayyad

Zayyad ba ya duniya. Mota ce ta buge shi a kan babur, tsakanin Chinade da Azare, yana da shekara goma sha takwas. Ni ko kuka ban samu na yi a fili ba, don babu wanda ya san abin da ke tsakaninmu.

Abokin yayana Sherif ne. Kunya ba ta taɓa barinsa ya kira sunana ba, sai dai "ƙanwar Sherif". Wata rana yayyafi ya tare mu a ƙofar gida, ya kifa mini hularsa a kan hijabi yana dariya. Ban mayar ba. Da aka tattara kayansa za a yi sadaka, na ji ana cigiyar hular. Na ƙara ɓoye ta.

Wata Alhamis Inna ta aike ni niƙa. Layi ya yi tsawo, ban fito ba sai da aka kira magariba. Na yanke ta bayan gonakin gero, hular tana soke a ƙuguna.

Gyare suka yi tsit.

Sai ƙamshin turarensa.

Babur ya tsaya a gefena. Ban ji tahowarsa ba. Babu fitila, babu warin mai. Mai shi ya ba ni ƙeya, kansa babu hula.

"Hau in rage miki hanya."

Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan.

Na sauke robar garin. Wallahi na so in hau. Na dafa kujerar, na ji ta da sanyi kamar gindin randa.

"An ce ka rasu," na ce a hankali.

"Mutane da surutu. Hau mana, Khaulat."

Khaulat.

Ko da wasa Zayyad bai taɓa faɗa ba.

Na janye hannuna. Wuyan ya fara juyowa. Kafaɗun ba su motsa ba.

Ban tsaya ganin fuskar ba. Na zura da gudu, Ayatul Kursiyyu tana kakkarye mini a baki. Babu ƙarar inji a bayana, sai huci a ƙeyata.

Aka damƙi hijabina.

Na zame kaina na bar hijabin.

A ƙofar masallacin unguwarmu na faɗi, ana sallame salla.

Kwana tara na yi ina zazzaɓi. Da na tashi, na kai wa mahaifiyarsa, Hajiya Suwaiba, hular. Ta sansana ta, ta daɗe tana kallona.

"Ashe ke ce kike sa shi gugar kaya kullum da la'asar."

Ta jawo ni jikinta. Ranar na yi kukana har na ƙoshi.

Har yau in aka kira ni daga baya, ba na waiwaya. Ku taya ni roƙo: Allah Ya jiƙan Zayyad, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsare mu daga masu aron muryar mamata. Ku ce amin.